Ƙofar Ruwa Ta Biyu: Birnin Kano Da Jiragen Yaƙi Masu Nutso

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san Ƙofar Ruwa. Tana nan ta arewacin birni, kuma a yau idan aka ambace ta, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne kasuwar ƙarafa da kayan gini. To amma akwai wata ƙofar ruwan ta biyu, wadda ba ta cikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza wa harsashi, ba ta da sarkin ƙofa, ba a kuma rufe ta da almuru. Wannan ƙofa ita ce tashar jiragen ruwa ta Ikko, kimanin mil 700 daga Kasuwar Kurmi ta hanyar dogo. Tun daga 1912 ta nan arzikin Kano ya riƙa fita, ta nan kuma kayan masarufi suka riƙa shigowa.

Mai karatu na iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan Bakano, wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne Jakara da Challawa da kududdufan unguwa, da labarin jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku? Amsar ita ce, shekara biyu kacal bayan Kano ta mai da ƙofar kasuwancinta bakin teku, sai ga wani sabon ɗan fashi ya ɓulla a kan wannan hanya, wanda ba a ganin ƙurarsa, ba a jin haniniyar dokinsa. Sau biyu, a Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, ya tare hanyar. Ya taɓa kuɗin gyaɗa, ya taɓa gishirin miya, ya kuma yi barazana ga rayukan 'ya'yan ƙasar nan da aka loda a jiragen ruwa aka kai su yaƙin da ba su suka tada shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan makami tun daga asalinsa, sannan ta nuna inda labarinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Asalin jirgi mai nutso

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ƙwarya takan yi yawo a kan ruwa muddin babu komai a cikinta, idan ta cika kuwa sai ta nutse. Haka jirgi mai nutso yake. Yana da tankuna a jikinsa, idan ana so ya yi ƙasa sai a bar ruwa ya shiga cikinsu, idan ana so ya taso sai a kore ruwan da famfo ko da iska mai ƙarfi. Nutsewa ba ta taɓa ba kowa wahala ba. Tasowa ita ce aikin, kuma shekara kusan ɗari uku masu ƙira suka yi suna fama da ita.

Wajen 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel ya ƙera wani kwalekwale na katako, ya lulluɓe shi da fata mai maiƙo, aka riƙa tuƙa shi da filafili a ƙarƙashin kogin da ya ratsa Landan. Wannan bai wuce abin kallo ba. Na farko da aka fita yaƙi da shi shi ne wanda David Bushnell ya ƙera lokacin da Amurkawa ke yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila. Mutum ɗaya yake ɗauka, kuma da hannu ake murza farfelarsa. A Satumban 1776 wani saje mai suna Ezra Lee ya shiga cikinsa da dare a tashar Niyok, da nufin ya maƙala wa jirgin yaƙin Ingila mai suna Eagle tukunyar albarushi a gindi. Ya kasa maƙalawa, ya komo da ƙyar. A 1800 Robert Fulton ya ƙera wa Faransawa nasa, suka gwada, suka ce ba sa so. A 1851 na wani Bajamushe, Wilhelm Bauer, ya nutse wurin gwaji a tashar Kiel, shi da abokan aikinsa biyu suka yi sa'o'i a ƙasan ruwa kafin su samu su ɓalle murfi su tsira.

Wanda ya fara cin nasara, idan har za a kira ta nasara, shi ne Hunley, na 'yan tawayen kudu a yaƙin basasar Amurka. Tsawonsa kimanin ƙafa 40 ne, mutum bakwai na zaune a jere suna murza ƙarfen da ke juya farfela, na takwas yana tuƙi. Tun wurin gwaji ya nutse sau biyu a 1863. Karon farko ya ci mutum biyar, karo na biyu ya ci takwas, har da Horace Hunley wanda aka sa wa jirgin sunansa. Duk da haka aka tsamo shi, aka kwashe gawawwaki, aka sami waɗansu suka shiga. Ran 17 ga Fabrairu 1864 ya soki jirgin yaƙi Housatonic da nakiya a bakin tashar Charleston, ya nutsar da shi, mutum biyar suka mutu. Shi ma Hunley bai komo ba. Idan aka yi lissafi, ya kashe abokan gaba biyar, ya kashe nasa ashirin da ɗaya. Hausawa dai sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sai a 1995 aka tabbatar da inda yake kwance, aka ɗago shi a 2000, aka tarar da ƙasusuwan mutanen takwas a ciki, aka binne su a 2004.

Abubuwa uku ne suka mai da wannan akwatin gawa ya zama makamin gaske. Na farko shi ne tofido, wato wani dogon bam mai farfela wanda ke gudu da kansa a cikin ruwa, wanda Robert Whitehead ya ƙirƙiro a 1866. Na biyu batirin lantarki, wanda ke tafiyar da jirgi a ƙarƙashin ruwa ba tare da hayaƙi ba. Na uku injin mai, wanda ake amfani da shi a saman ruwa, yana kuma cika batirin. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jirgin da ya fara harba tofido yana nutse na Daular Usmaniyya ne, mai suna Abdulhamid, a 1888. Amurka ta karɓi jirgin John Holland a 1900, Ingila ta bi sahu a 1901, Jamus kuma ta sami nata na farko a 1906. Su Jamusawa ba suna suke raɗa musu ba, lamba suke ba su da harafin U a gaba. Ko a lokacin hatsari bai ƙare ba, domin a 1904 wani jirgin fasinja ya bi ta kan jirgin Ingila mai lamba A1 yana nutse wurin atisaye, mutum goma sha ɗayan da ke ciki duk suka halaka.

Manyan hafsoshin ruwa da yawa sun ci gaba da raina shi har ran 22 ga Satumba 1914. A wannan rana U-9, ƙarƙashin Otto Weddigen, da ma'aikatan da ba su kai talatin ba, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin abin da bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba. Mutum fiye da 1,400 suka mutu. Daga ranar aka daina yi masa dariya.

Yadda Kano ta juya wa Sahara baya

A daidai shekarun da ake wannan ƙere-ƙere, Kano ma tana cikin nata sauyin. Ɗaruruwan shekaru fuskar kasuwancinta na kallon arewa ne. Larabawan Gadamus da Tarabulus da ke zaune a Dandalin Turawa su ke aika fatu da hauren giwa da gashin jimina a bayan raƙuma, su karɓo alharini da takarda da turare da tsakiya. Tafiyar takan ci watanni. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. A 1911 hanyar dogo ta iso, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. A 1911 ɗin nan kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, hanyar Sahara ta ƙara rikicewa. Sai ya zamana hatta Larabawan da ke cikin birni sun gane ya fi musu sauƙi su sa kayansu a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa ya zagaya da su. Fataken goro ma haka. Alhassan Ɗantata na cikin na farko da suka bar doguwar hanyar Gwanja ta ƙasa, suka riƙa ɗoro goro a jirgin ruwa daga Gwalkwas zuwa Ikko.

Sai kuma gyaɗa. Turawa auduga suka sa rai za su samu, manoman Kano kuwa suka duba inda riba take suka shuka gyaɗa. A 1913 Nijeriya ta fitar da fiye da tan 19,000, mafi yawanta daga ƙasar Kano. Gyaɗar nan ba ta da wata hanya sai teku. Kamfanin Elder Dempster na Libaful shi ke riƙe da mafi yawan sufurin, sai kamfanin Woermann na Jamusawa. Da yaƙi ya tashi a Agustan 1914, jiragen Jamus suka ɓace daga gaɓar Afirka ta Yamma, aka rufe kamfanoninsu, kasuwar Hamburg da ke sayen amfanin gonar ƙasar nan ta toshe, gwamnatin Ingila kuma ta karɓe jirage da dama don aikin soja. Wannan ya zo ne a kan gyambon yunwar 1913 da 1914, wadda wasu ke kira Kakalaba. A 1915 abin da aka fitar bai kai tan 9,000 ba. Daga baya ne, da Ingila ta matsu da man girki, cinikin ya farfaɗo har ya haura tan 50,000 a 1916. Manomin Dawakin Kudu ko na Gezawa bai san U-9 ba, amma kuɗin da zai biya haraji ya koma yana hawa yana sauka gwargwadon jiragen da suka sami isowa Ikko.

Falaba, Abosso da Apapa

A Fabrairun 1915 Jamus ta yi shelar cewa duk ruwan da ya kewaye Ingila fagen fama ne. Jirgin fasinja na farko da wannan shela ta ci na hanyarmu ne. Falaba, na Elder Dempster, ya bar Libaful ran 27 ga Maris 1915 ya nufo Afirka ta Yamma da mutum 242, cikinsu da ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan kasuwa masu komowa bakin aiki. Washegari U-28 ya tare shi, ya ba da 'yan mintoci a fita, amma tun ba a gama sauke kwalekwalen ceto ba ya sakar masa tofido. Mutum 104 suka mutu. Ɗaya daga cikinsu Ba'amurke ne, Leon Thrasher, injiniyan ma'adinai da ke kan hanyarsa ta zuwa Gwalkwas, kuma mutuwarsa ta jawo cacar baki tsakanin Amurka da Jamus. Mako shida bayan haka aka nutsar da Lusitania da mutum kusan 1,200, labarinsa ya danne na Falaba har yau.

Shekarar 1917 ta fi kowace muni. A watan Afrilu kaɗai an nutsar da jiragen da nauyinsu ya haura tan 800,000. Ran 24 ga wannan wata U-43 ya harbi Abosso a yamma da Ailan yana komawa daga Afirka ta Yamma, mutum 65 suka mutu. Ran 28 ga Nuwamba, da asuba, U-96 ya harbi Apapa wanda ya taso daga Ikko, saura ƙiris ya isa Libaful, mutum 77 suka mutu. A irin waɗannan jirage, masu zuba gawayi a tukunyar inji da masu hidimar abinci da yawansu baƙaƙen fata ne na Saliyo da Laberiya da Nijeriya. Su ne a can ƙasan jirgi, inda tofido ke fara sauka.

Maganin da hukumar sojan ruwan Ingila ta daɗe tana ƙi, sai a tsakiyar 1917 ta yarda da shi, abu ne da kowane bafataken Kano ya gada daga kakanninsa, wato ayari. Maimakon kowane jirgi ya kama gabansa, sai a tara su a tasha ɗaya, a naɗa musu madugu, a haɗa su da jiragen yaƙi 'yan rakiya, su tashi tare su sauka tare, mai sauri ya jira mai nauyin ƙafa. Dakar da Saliyo suka zama zangon da jiragen Afirka ta Yamma ke taruwa. Asara ta ragu ƙwarai, domin teku na da faɗi, kuma gano ayari guda ya fi wuya a kan cin karo da ɗaya daga jirage talatin da suka warwatsu. Wanda ya gano shi kuma sai ya fuskanci 'yan rakiya.

Ko tsohuwar hanyar arewa ba ta tsira daga wannan makami ba. Daga 1915 jiragen Jamus masu nutso sun riƙa sauke makamai da kuɗi da hafsoshin Turkiyya a gaɓar Libiya don taimaka wa Sanusiyya. Da goyon bayan Sanusiyya ne Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917, har Ingilishi suka tura sojoji daga Nijeriya ta Arewa su dafa musu. Shi kansa shugaban Sanusiyya, Sayyid Ahmad al-Sharif, a cikin jirgi mai nutso ya bar Libiya a 1918 a kan hanyarsa ta zuwa Santambul.

Mendi

Akwai jirgi ɗaya da ya kamata kowane ɗan Arewa ya san sunansa. A ƙarshen 1916 aka shirya rundunar Nijeriya don zuwa yaƙar Jamusawa a Afirka ta Gabas. Da yawan sojojin 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Ɗaya daga jiragen da suka ɗauke su shi ne Mendi, shi ma na rukunin Elder Dempster, wanda aka gyara rumbunan kayansa a Ikko suka zama wurin kwanan mutane. Ya zagaya da su ta ƙarshen Afirka, ya sauke su a Darussalam. Can suka sha yunwa a bakin kogin Rufiji, suka kuma yi mummunan artabu a Mahiwa a Oktoban 1917.

Da Mendi ya sauke namu, sai ya ɗauki lebura baƙar fata fiye da 800 na Afirka ta Kudu zuwa Faransa. Ya biyo ta Ikko, inda aka ɗaura masa igwa a baya. Da asubahin 21 ga Fabrairu 1917, cikin hazo mai kauri kusa da gaɓar kudancin Ingila, yana tafe da jirgin rakiya saboda tsoron masu nutso, sai wani babban jirgin Ingila mai suna Darro ya zo a guje ya tsaga shi. Cikin minti ashirin da 'yan kai ya nutse. Darro bai sauke ko kwalekwale ɗaya don ceto ba. Mutum 646 suka mutu, wasu a cikin rumbunan nan, wasu kuma sanyin ruwa ya kashe su. A shimfiɗun da suka mutu, wata biyu da ɗoriya kafin nan samarin Kano da Katsina da Zazzau da Barno ne ke kwance.

Mutanen Afirka ta Kudu ba su bari labarin ya mutu ba. Tun lokacin da hukuma ba ta so, suka riƙe shi a baki da waƙa da taron shekara-shekara. A 1974 aka tabbatar da gawar jirgin a ƙasan teku. Bayan faɗuwar mulkin wariya suka sa wa lambar girma ta jarunta sunan Mendi, suka sa wa wani jirgin yaƙinsu. A 2018 Firayim Ministar Ingila ta miƙa wa shugabansu ƙararrawar jirgin. Mu kuwa da jirgin ya fara ɗauka, ko sunansa ba mu riƙe ba.

Yaƙin Hitila

A yaƙi na biyu ɗan fashin ya matso har bakin ƙofa. Manyan jiragen fasinja da wasiƙu na Elder Dempster suka tafi ɗaya bayan ɗaya. An nutsar da Accra a Yulin 1940, jirgin sama ya hallaka sabon Apapa a Nuwamban shekarar, U-107 ya harbi Adda kusa da Saliyo a Yunin 1941, sannan U-575 ya nutsar da sabon Abosso a Oktoban 1942, inda mutum 31 kaɗai suka tsira daga 393. Shi U-107, a fita ɗaya ta 1941 jirage 14 ya nutsar, yawancinsu a ruwan Afirka ta Yamma. A ƙarshen Mayun 1941 U-69 ya lallaɓo ya dasa nakiyoyi a bakin tashar Takoradi da ta Ikko, kuma ran 4 ga Yuni jirgin yashe tasha mai suna Robert Hughes ya taka ɗaya a mashigar Ikko ya nutse. A daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu 1943, U-515 shi kaɗai ya kashe jirage bakwai daga ayarin da ya taso daga Takoradi.

Abin ya iso cikin birni ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce tukunya. Gishirin kanti daga Ingila ake kawo shi, sai ya yi ƙamfa a faɗin Nijeriya, haka kananzir da yadi, har hukuma ta shiga ƙayyade farashi. Ta arewa ma babu sauƙi, domin har zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun Faransawan da suka bi Jamus, ana sa ido a kan iyaka. Da Japan ta ƙwace ƙasashen gabashin Asiya a 1942, Ingila ta rasa man girki da kuzar da take samu daga can, sai nauyin ya faɗo a kan Arewa. Aka matsa wa hakimai da dagatai a kan noman gyaɗa, gwamnati ta karɓe sayenta ta yanka mata farashi, aka kuma ɗebi dubban talakawa aikin tilas a ramukan kuza na Jos.

Ta biyu ita ce sararin sama. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa. Sai aka riƙa kawo jiragen saman yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a harhaɗa su, su tashi su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Daga Satumban 1940 zuwa 1943 fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Filin jirgin saman Kano, wanda alhazanmu suka daɗe suna tashi daga cikinsa, a wannan zamani ne ya bunƙasa, kuma toshewar hanyar ruwa na cikin dalilan bunƙasarsa.

Ta uku ita ce 'ya'yanmu. A 1940 aka kwashi sojojin Nijeriya ta ruwa zuwa Kenya, suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha. A 1943 da 1944 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Bama. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kwara ba, sai ga shi makonni a cikin jirgi, ana hana kunna ko ashana da dare, ana koya masa ɗaura rigar ceto. Tsoron kuwa yana da dalili. A Yulin 1943 jiragen saman Jamus suka ƙone California da Duchess of York a yamma da Fotugal, alhali suna kan hanyar zuwa ɗaukar sojojin runduna ta 81, abin da ya jinkirta tafiyar wasunsu. A Fabrairun 1944 kuma, a tekun Indiya da namu suka ratsa, jirgin Japan mai nutso ya harbi Khedive Ismail wanda ke ɗauke da sojojin Afirka ta Gabas. Cikin minti kaɗan ya nutse da mutum 1,297.

Su ma masu harbin ba su sha da daɗi ba. Daga cikin kimanin mutum 40,000 da suka yi aiki a jiragen Jamus masu nutso a wannan yaƙi, wajen kashi uku cikin huɗu ba su komo gida ba. Gadon Hunley bai bar zuriyarsa ba.

Kammalawa

A 'yan shekarun nan Turawa sun duƙufa wajen neman jiragensu da ke kwance a ƙasan teku. A 2018 masana a yankin Wales sun ɗauki hoton gawar Apapa da na'urar da ke auna ƙasan ruwa da sauti, suka kuma bi sunayen waɗanda suka mutu a cikinsa. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙi na ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka da Masarawa, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har gwamnatin Ingila ta nemi gafara. Namu ma da aka rubuta, yawanci sunan yanka ne da sunan gari, domin haka ake ɗaukar soja a wancan zamani. Mutum ya bar Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi, a littafin bariki ya koma wane Kano, ba uba ba unguwa.

Mu da muka tashi muka tarar da mazan jiya a ƙofar gida da zauruka, da lambobinsu a ƙirji ranar tunawa da 'yan mazan jiya, labarin daji muka riƙa tambayarsu, na Japanawa da macizai da ruwan sama. Ba mu cika tambayarsu makonnin da suka yi a kan teku ba. Yanzu kusan duk sun kwanta dama. Abin da ya rage yana hannun 'ya'yansu da jikokinsu, a cikin adakar da aka ajiye takardar sallama da lambar yabo, da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939 ta kuma bi yaƙin daga farko har ƙarshe, da fayilolin Gidan Ɗan Hausa da na ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

A nan ne aiki ya faɗo kan marubuta. Mun rubuta soyayya, mun rubuta sarauta, mun rubuta 'yan fashi da aljanu. Ga saurayin da aka ɗauka daga bakin Kasuwar Kurmi aka sa a rumbun Mendi. Ga uwar da ke dafa miya ba gishiri tana jiran wasiƙar da wataƙila tana ƙasan teku tare da Adda. Ga dillalin gyaɗa da ya ci bashi ya tara buhuna a Ƙofar Mazugal, jirgin da zai kwashe su bai zo ba. Waɗannan duk mutanen birnin nan ne, kuma babu wanda zai zo daga Libaful ya rubuta mana su. Waiwaye dai adon tafiya ne. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida da ya ga zamanin Hitila, ya ɗauki alƙalami ya je ya zauna kusa da shi tun yau. Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, na tudu da na ruwa.